Gawon Da Na Sare Miki Ya Yi 'Ya'ya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan Gangara lafiya lau muke. Gwaggo Hajo tana nan da sauran ƙarfinta, haƙora ne kawai suka ragu, bakin kuwa yana nan yadda kika bar shi. An ce a fara wasiƙa da natsuwa. To, na yi iyakar ƙoƙarina, natsuwar ta ƙare a nan.

Inna, gawon ya yi 'ya'ya!

Wallahi ya yi. Jiya Alhamis da hantsi na je gamanarki, 'yar gonar nan da Baba ya yanka miki, sai na gan su zube a ƙasa, jajaye, a nannaɗe. Na cire hula na tsince su ciki, na kwasa da gudu sai gida, ni da gemuna, ni da nake jan salla a unguwa. Takalmi ɗaya ya tsinke a hanya, ban ko waiwaye shi ba. Rabi, surukarki da ba ki riska ba, ta ga na faɗo gida babu sallama, ta ɗauka kunama ce ta harbe ni. Da na buɗe mata hular sai ta riƙe haɓa, wai yanzu abincin awaki ne ya sa Malam wannan gudu? Na ce mata e, shi ne.

Ke kin san dalili. Amma ki yi haƙuri in maimaita, domin akwai masu karanta wannan wasiƙa da ya kamata su ji daga bakina.

Na dawo daga karatu ina ɗan shekara ashirin da biyu, jakata cike da littattafai, zuciyata cike da ni kaina. Duk inda na duba a garin nan kuskure nake gani. Yadda tsofaffi ke alwala bai yi mini ba, yadda ake raɗa suna bai yi mini ba. Har gaisuwa sai da na gyara wa mutane.

A gamanarki kuwa akwai gawo. Tun ina ƙarami na san ana yi miki dariya a kansa. A wancan lokaci manomin kirki shi ne wanda idan ya yi sassabe ba ya barin ko tsinke. Ke kuwa sai ki durƙusa gaban kututture, ki zaɓi toho biyu masu ƙarfi ki bar su, ki sare sauran. Ana ce wa gonarki ƙazamar gona, ki ce, “Ƙasa ma tana son sutura.”

Ni ba wannan ne ya tsone mini ido ba. Jan ƙyalle na gani ɗaure a reshe. A gindin kuma ga kasko. Kullum da safe ki ɗauki ruwa ki je ki zuba a kaskon, ki dafa jikin itacen, leɓunanki suna motsi. Kwana uku ina laɓe bayan sabara ina kallonki. Jan ƙyalle, kasko, magana da itace: na haɗa su na yanke hukunci, na ce uwata tana yi wa iskoki hidima.

Ban tambaye ki ba. Ni ɗan fari ne, tsakanina da ke babu doguwar magana, ko sunana ba kya kira saboda kunya. Sai na fake da wannan kunyar. Gaskiyar kuwa ba na son in tambaya ne, kada amsar ta ɓata mini hukuncina.

Ranar kasuwa kika ɗauki ƙuli-ƙulinki kika tafi. Na ɗauki gatarin Baba. Tun hantsi nake sara har rana ta take, ina sara ina kabbara. Astagfirullah. Da ya faɗi sai na juya ƙota na fasa kaskon. Wannan ma bai ishe ni ba, Inna. Bayan azahar na tsaya a ƙofar masallaci na shaida wa jama'a cewa yau na kawar da tsafi daga gonar gidanmu. Wasu suka sa mini albarka, wasu suka sunkuyar da kai.

Da la'asar kika dawo, aka gaya miki, kika wuce gona ko kwando ba ki sauke ba. Na bi ki a baya, na tanadi amsoshi sun fi goma. Kika tsaya kan itacen yana kwance da koren ganyensa. Ba ki dube ni ba. Kika sunkuya kika ɗauki tsingaro ɗaya, kika juya shi a hannu, kika ce, “To su tsuntsaye, ina za su sha gobe?”

Iyakar abin da kika ce ke nan. Na so ki zage ni, don zagi na shirya wa. Wannan tambayar kuwa babu ta a cikin amsoshina.

Na tafi Maradi koyarwa, na bar ki da sunan da na jawo miki. Mai Jan Ƙyalle. Mata suka rage sayen ƙuli-ƙulinki, wasu suka hana yaransu shan ruwan randarki. Ba ki taɓa kare kanki ba, domin in kin kare kanki, ɗanki ya zama maƙaryaci a bainar jama'a. Ni kuwa duk sallar da na zo gida sai in ce wannan karon zan yi miki magana, sai in koma ban yi ba. Damina biyu aka yi, Allah Ya karɓi abinsa. Na iso a kan kabu-kabu na tarar har an dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar bakwai Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta kama hannun rigata ta ja ni har gamanarki kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ta tsayar da ni kan kututturen ta ce, “Kai malamin banza, ka san ƙyallen mi ne kuwa?”

A nan ta zazzage mini komai. Ƙyallen alama ce, don mata masu neman itacen wuta da makiyaya masu sassabe wa dabbobi ganye su san itacen yana da mai shi, ja kuwa shi ake hangowa daga nesa. Kaskon na tsuntsaye ne da ƙudan zuma, don a rani babu ruwa ko'ina sai bakin rijiya, can kuma yara na jiran su da danƙo. Ƙyallen daga majanyin da kika goya ni da shi kike yagowa, duk lokacin da rana ta cinye ɗaya ki ɗaura wani, domin shekarar da kika yaye ni kika bar wannan toho. Motsin leɓen kuwa addu'a ce. Sunan da ba ki iya kira a gaban mutane, can kike zuwa ki kai wa Allah shi, inda babu mai ji.

Ta kwance bakin zane ta ba ni abin da ya rage na majanyin, bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta ce kin bar mini saƙo guda: “Ku ce mishi kututturen na da rai.”

Na yi kuka a gonar nan har muryata ta dushe. A littattafan da nake taƙama da su na karanta cewa duk wanda ya raya itace, tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Na haddace, na ma koyar. Amma da na ga abin a tsaye a gonar uwata ban gane shi ba, na sa masa gatari.

Na baro Maradi na dawo gida. Yanzu bari in ba ki labarin noman ɗanki, ki yi dariya. Shekarar farko kututturen ya fid da toho goma sha biyu, tausayi ya hana ni sare ko ɗaya, duk suka tsaya cirko-cirko babu mai girma. Gwaggo ta ce tausayin da babu wayo a cikinsa mugunta ce. Ta nuna mini yadda kike yi, a bar biyu, a yi saran daga ƙasa zuwa sama kada ɓawo ya tsage. Shekara ta biyu awaki suka yi walima da su, na kewaye da ƙayar magarya. Shekara ta uku, sun kai tsayina, wata baiwar Allah ta sare ɗaya ta yi girki da shi. Laifinta ne? Babu alama a jiki.

Ranar na tsaya da guntun majanyinki a hannu, na duba gabas na duba yamma kamar ɓarawo, sannan na ɗaura. Na sayo sabon kasko na ajiye. Ba a yi mako ba na fara jin ƙishin-ƙishin, wai ɗa ya gaji uwa.

A nan ya kamata in fito in faɗi gaskiya. Ban fito ba. Na ce wa kaina sai ranar da gawon ya yi 'ya'ya. Na kira abin alkawari, amma tsoro ne, Inna. Tsoron kada a ce limamin da ke gyara wa mutane salla shi ne ya yi wa uwarsa ƙazafi. Shekara tara ke nan tun rasuwarki ina ɓoye bayan itace.

A cikin shekarun nan gawon ya koya mini abin da ban samu a allo ba. Da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi sai ya zubar da nasa, ya bar wa geron da ke gindinsa rana da taki. Da rani, idan kowa ya bushe, sai ya yi kore shar ya buɗe inuwa. Ban san wanda ya fi shi sanin lokacin da ake bukatarsa ba, sai ke. Na gane Allah bai ba mu ƙasar nan don mu nuna mata ƙarfi ba. Amana ce, mu da tsuntsu da akuyar Bafulatani duk ci muke a akushi ɗaya.

Kuma da za ki ga gonakin Gangara yanzu! Gawo, kalgo, aduwa, ko'ina, da ƙyallaye iri-iri suna kaɗawa. Har mota ake cikowa da masu takardu su zo su koya wa mutane barin toho. Gwaggo ta ce da kina nan da ke za a ba wa kujera a buro, wato ofishinsu.

To, jiya 'ya'ya suka faɗo, wurin ɓuya ya ƙare.

Yau bayan sallar Juma'a na miƙe a ƙofar masallaci, daidai inda na tsaya wancan karon, hulata a hannu da 'ya'yan gawo a ciki. Na ce jama'a, shekara goma sha ɗaya da suka wuce na tsaya nan na yi wa mahaifiyata ƙarya. Na faɗi na ƙyalle, na faɗi na kasko, na faɗi na majanyi, ban rage komai ba. Na ce duk wanda ya taɓa kiranta Mai Jan Ƙyalle, alhakin a wuyana yake.

Can sai Malam Idi, tsohon nan da ya fi kowa sa mini albarka ranar da na yi saran, ya ɗaga hannu sama. Ya ambaci sunanki cikakke, da na mahaifinki, ya ce Allah Ya jiƙan ta, mun ci haƙƙinta. Amin ɗin da aka amsa, Inna, har mata a bayan katanga sai da suka amsa. Na dawo gida na tarar Gwaggo tana rangaɗa guɗa da bakin da babu haƙora.

'Ya'yan kuma na mayar da su gindin itacen. Gwaggo ta ce na fari ba kya sayarwa, na dabbobin masu wucewa ne. Ashe ma irin gawo bai cika tsira ba sai ya bi ta cikin akuya. In ka yi rowarsa ya tsaya a hannunka, in ka bayar ya tafi ya tsiro a gonar wanda ba ka sani ba.

Da na je mayarwa na tafi da jarkar ruwa, na cika kaskon, na koma gefe na zauna. Kurciya biyu suka fara sauka, sai tsada, ƙananan tsuntsayen nan, suka biyo baya da hayaniyarsu, ƙudan zuma suka jeru a baki. Kin yi mini tambaya, na kasa amsawa kina da rai. Ga amsar, ko da ta makara: sun sha yau, Inna, kuma in Allah Ya kai mu za su sha gobe.

Ya Allah, duk tsuntsun da ya sha, duk dabbar da ta ci, duk matafiyin da ya huta a inuwar nan, Ka rubuta wa baiwarKa ladan, nata ne tun asali. Ka yafe mini abin da na kasa roƙonta da bakina. Ka shayar da ita ranar ƙishirwa, kamar yadda ta shayar da waɗanda ba su iya roƙo. Amin.

Wassalam. Ni ne ɗanki na fari, wanda kike kai wa Allah sunansa a gindin gawo,

Lawali