Wasan Ɗanasabe

Talata Mafara,
6 ga Janairu, 1980.

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, yaya karatu, yaya sanyin Zariya. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Inna ta aiko daga Dakko tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kwas ɗin malaman gona sai an yi furfura ake gama shi. Taiba ta zubar da haƙoranta na gaba, yanzu in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu.

Akwai abin da nake so in gaya maka, kada ka ce Baturiya ta fara tsegumi. Ka san gadar da aka yi bisa babbar magudanar ruwan dam, wadda ni da Taiba muke ƙetarewa zuwa makaranta. Bayan tafiyarka wani mutum ya kafa faifan goro a bakinta. Sunansa Ɗanasabe, daga wani ƙauye na wajen Maradun, cikin waɗanda ruwan Bakolori ya cinye. An ce can shi ne sanƙirarsu, mai yi musu shela, kuma in ka ji muryar ka san ba ƙarya. Ranar Talata in kasuwa ta cika yakan hau dakali ya riƙa kiran gonakin da katafila ta baje da sunayen masu su, har ka ga dattawa na share ido. Ni ma na tsaya na ji. Har gonar marigayi Baba ta Dakko ya ambata.

To wannan mutum ya ɗauki Taiba wasa. Ya ce wai Baba abokinsa ne, don haka Taiba jikarsa ce, kuma ka san wasan kaka da jika. Da ya hango mu sai ka ji, "Amaryata, mi kika aje mani yau?" Sannan ya tuɓe takalma ya durƙusa mini har ƙasa, wai ga surukarsa, mutanen gada su yi ta dariya. Da farko ni ma na dara. Ai haka Baba yake mata, har yakan ce ta fi Inna iya tuwo.

Amma Baba in ya faɗa, dariya yake yi. Wannan ba ya yi. Idonsa na kanta har mu sha kwana. 'Yan mata nawa ke bin gadar nan, ba ya ce wa kowa uffan sai ita. Ran da zazzaɓi ya hana ta fita, washegari ya ce mata shi ma jiya bai iya cin abinci ba. Na aika na tambayi Inna, ta ce Baba bai taɓa sanin wani Ɗanasabe ba.

Yanzu in mun doso gadar sai ta riƙe zanena da hannu biyu. Tsoro nake ji, Maigida, kuma ban san sunan abin da nake tsoro ba.

Taiba na gaishe ka, ta ce kada ka manta da takalminta. Allah ya ba da sa'a.

Ni ce taka,
Baturiya.

Talata Mafara,
27 ga Janairu, 1980.

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan tarin da ka ce ya dame ka ya sake ka. Saƙonka ya iso, takalmin ya yi mata ɗan yawa, amma ba ta yarda a faɗa.

Na yi yadda ka ce, na je wurin Yaya Abdulmumini, tunda shi ne babbanmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko mutumin ya taɓa ta. Na ce a'a. Ko ya ba ta wani abu, ko ya kira ta wani wuri. Na ce a'a. Sai ya ce, "To mi kike so a yi mashi, Malama? Wanga mutum shi na bakinmu. Mu da anka amshe ma gonaki, in babu shi wa ka jin kukanmu?" Ya ce ilimin boko ne ya sa na manta wasan gida. Na fito ina jin kunya kamar ni na yi laifi.

Ban haƙura ba, na je wurin mai unguwa. Ya kira Ɗanasabe a gabana. Maigida, da ka ga ladabi. Ya rantse shi ɗiya ya ɗauke ta, ya ce in wasa ya zama laifi to a fara da kakannin garin nan duka. Mai unguwa ya ce mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Magatakardan kotu ma, mijin abokiyar aikina, cewa ya yi alƙali ba ya ɗaure mutum don ya gai da yarinya bisa hanyar gwamnati.

Tun ranar abin ya ƙaru. Yanzu ba ya ɗaga murya, a hankali yake faɗa, yadda ni da ita kaɗai za mu ji. Shekaranjiya ya ce mata ya ga sabon haƙorin ya fara fitowa, kuma shi mai haƙuri ne, yana jira. Taiba ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana ƙarama. Ba wata hanya zuwa makaranta sai gadar nan, magudanar ta raba garin kamar an tsaga ƙwarya.

Ga kuma wani abu. Wani ɗan sandan farin kaya ya zo makaranta ya same ni. Ya ji labarin ƙarar da na kai. Ya ce kan maganar yarinya ba abin da za su iya, amma in akwai mai ilimi da zai sa hannu a takarda cewa ya ji Ɗanasabe na zuga manoma su tare hanyar dam, to ranar zai bar bakin gada. Na ji shi ya faɗa, Maigida, da kunnena, ba sau ɗaya ba.

Na ce masa zan yi shawara. Na tuna lokacin da aka tsare ka don ka yi maganar diyya a kasuwa, yadda na yi ta yawo ina cewa ai magana kawai ya yi, ana ɗaure mutum don magana? Ka gaya mini abin da zan yi.

A gai da abokan karatu. Ka riƙa shan magani.

Taka,
Baturiya.

Talata Mafara,
24 ga Fabrairu, 1980.

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta zo, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki.

Na ji. Ka ce kada in sa hannu, domin in suka fara kamu ba kan Ɗanasabe za su tsaya ba, kuma wanda ya taimaka aka toshe bakin wani, nasa ake auna wa. Gaskiyarka ce, ban musa ba. Sai dai ka rubuta ta ne daga Zariya, inda babu gada.

Ga abin da na yi. Na cire Taiba daga makaranta, na kai ta Dakko wurin Inna. Ban gaya wa kowa ba, ko Yaya Abdulmumini. Ba mu bi ta tasha ba, motar wani mai kai shanu Bakura muka shiga daga bayan gari, na lulluɓe ta da mayafina kamar kayan sata. A makaranta na ce ta tafi Gusau wurin ƙanwata.

Ka duba wannan abin dariya. Ni ce nake bi gida-gida ina roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su zo aji, ina cewa ba abin da zai same su. Yau kujerar ɗiyata ce babu kowa. Da na kira sunaye na zo kan nata sai na tsallake, yara suka dube ni. Ita da ba ta yi wa kowa komai ba ita aka kora daga gari, shi kuwa yana nan bisa tabarmarsa yana yayyafa wa goro ruwa.

Da za mu rabu ba ta yi kuka ba. Tambayata kawai ta yi ko laifi ta yi. Na ce a'a. Ta ce to don me ba a ce masa ya bari ba. Maigida, ni da nake amsa tambayar yara tun safe har azahar, sai kawai na gyara mata ɗankwali na juya.

Amma dai ina barci yanzu. Da Ɗanasabe ya tambaye ni ina amaryarsa, na wuce ban ko dube shi ba. Allah ya sa ƙarshen abin ke nan, rigakafi ya fi magani.

Inna na sa maka albarka. Ka dage ka gama ka dawo.

Taka har kullum,
Baturiya.

Talata Mafara,
30 ga Maris, 1980.

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, cikin sauri nake yin shi.

Ranar Talata ina dawowa daga makaranta, gada cike da 'yan kasuwa, sai Ɗanasabe ya taso ya tuɓe takalma ya durƙusa kamar yadda ya saba. Ya ce, "Suruka, a gaishe mani da matata can Dakko. Kitson da anka yi mata ya amshe ta ƙwarai. Amma a hana ta zuwa rijiyar gindin tsamiya ita ɗai, wurin babu mutane." Aka yi dariya. Wani ma ya ce kai Ɗanasabe, kishi ke nan. Ni kuwa na kauce masa na wuce. A jikin gadar na ga sabon keke jingine, aka ce nasa ne.

Jiya na tafi Dakko. Kitson sabo ne, ran Lahadi aka yi mata shi. Rijiyar na nan, tsamiyar na nan, bayan gari. Inna ta ce tun ran Litinin yarinyar ta dawo ba tulu, ta shige ɗaki, ko tsakar gida ba ta yarda ta zauna. Na tambayi Taiba ko ya taɓa ta, ta girgiza kai. Ko ya yi mata magana, ta girgiza kai. Da ƙyar ta ce mini tsaye kawai yake a ƙarƙashin itacen, riƙe da keke, yana kallonta. Ka ga har yanzu bai karya doka ba. Yana da abokai a Dakko, manoma na son ganinsa, hanya kuwa ta kowa ce.

Na dawo da ita nan, tana ɗakina, na sa sakata. Ba ta cewa komai sai in na tambaye ta. Taiba fa, wadda kake cewa ta gaji surutuna.

Na sake zuwa wurin Yaya Abdulmumini. Na ga abin ya taɓa shi. Amma ya ce in daure har a ga yadda maganar gonaki za ta ƙare, yanzu manoma sun tare hanya, ba lokacin rasa Ɗanasabe ba ne. Wato ɗiyata ta jira a gama shari'ar ƙasa.

Maigida, gobe Litinin zan je in sa hannu. Ba ƙarya zan yi masa ba. Abin da ya faɗa a kasuwa zan faɗa, kuma na san abin da ya faɗa ɗin gaskiya ne, har da gonar Baba. Mugunyar maganarsa ba ta da hukunci, sai ta kirkin, to da ita zan kama shi. Na san ba shi kaɗai za su ɗauka ba. Na san sunan Yaya na iya biyowa, kuma Dakko ba za ta sake buɗe mini ƙofa ba. Na san irin takardar da aka tsare ka da ita ce zan sa wa hannu. Duk na sani, ba sai ka rubuto ka tuna mini ba.

Na auna, na ga zan iya zama a garin da kowa ke tofar da yawu in na wuce. Ba zan iya tsayawa gaban mai unguwa ranar da zai ce mini yanzu kam an yi laifi ba.

Kafin wannan ta iso ka an gama. In za ka yafe mini, ka yafe. In ba za ka iya ba, ka zo dai ka ga ɗiyarka, ta tambaye ka sau biyu yau, kuma shi ne kawai abin da ta faɗa ba a tambaye ta ba.

Allah ya tsare mana ita. Ka huta lafiya.

Ni ce matarka, uwar Taiba,
Baturiya.