Gaisuwa a Bakin Toka

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1929

Sajo mai sayen gyaɗa a Gagarawa ya zo har zaurena. Yana neman mai keke ɗaya da zai riƙa kai masa saƙo tsakanin Gagarawa da Gumel da Maigatari, aiki na albashi. Masu so sun yi yawa, kowa da babban da ya tsaya masa, shi kuma ba ya son ɓata wa kowa. Sai ya ce a yi tsere, wanda ya riga shi ke da aiki, ni ne alƙali. "Malam Zailani, kai ne ba a saya da goro." Na karɓa. Tun da na bar aikin malamin kasuwa ba wanda ya ƙara neman ra'ayina, ko a kan gishiri.

Laraba, 6 ga Nuwamba

'Yata Kande ta kawo mini tuwo da kanta, ba aike ba, na san da magana. Mijinta Barau zai shiga tseren. Fara ta cinye masa gero tas, rumbu wayam. In bai sami aikin Sajo ba Jos zai tafi haƙar kuza, da ita. Ita kaɗai ta rage mini. Uwarta da yayyenta duk suna ƙasa. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Tuwon bai ciwu ba.

Barau ɗin nan! Bara waccan ya wuce ni fiu a kan keke a bakin kasuwa, wai bai gan ni ba. Na sa aka tsayar da shi, na wanke shi gaban jama'a, na ce ko jaki ya san inda ake rage tafiya. Tun ranar, ko daga nesa ya hango rawanina sai ya diro ya tuɓe takalmi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Kasuwar Maigatari, wurin tara masu shiga. Ban san akwai kekuna haka a ƙasar Gumel ba, sun tasam ma talatin. Teloli, mahauta, masinjoji, wasu daga Sule Tankarkar, har biyu daga ƙasar Damagaram. Rabi na aro ne. Wani mai furfura ya ce a bar manya su fara gaba saboda shekaru. Wani ya tambaya ko laya ta halatta. Wani keken nasa ba birki, wai a yi masa rangwame. Na dawo kaina kamar zai tsage.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na zauna na tsara. Daga Gagarawa zuwa ƙofar Gumel, a tashi gaba ɗaya da bugun ganga. Don kada wani ya yanke ta gonaki, a ƙauyuka biyu na hanya an sa dattijo ya ɗaura wa kowa zare a kan kekensa, baƙi da ja. Wanda ya iso ba zare biyu, bai zo ba. Ba turi, ba riƙe wutsiyar raƙumi. A ƙarshe za a ja layi da toka, wanda tayarsa ta fara takawa yana bisa sirdi shi ya ci. Na juya abin ta kowane gefe, ban ga ƙofa ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ashe ana ta yi da ni a majalisa. Wai suruki zai yi wa suruki alƙalanci, tsere ya ƙare tun ba a fara ba. Ni! Da na yi niyyar zama can gefe a inuwa in sa mutum biyu su duba mini. Yanzu na rantse gaban liman, ni da kaina zan tsaya a bakin tokar, tsakiyar rana, inda kowa zai ga idona yana kan taya ba kan fuska ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na roƙa wa Barau nasara a masallaci. Ban sani ba ko alƙali yana da wannan damar.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Innalillahi.

Bari in rubuta ko zan huta. Gari ya cika, har kan katanga mutane. Na tsaya a bakin toka da babbar riga da rawani. Can sai ihu ya tashi, ga mutum biyu sun ɓullo. Na gaba Barau ne, rigarsa sharkaf, zare biyu suna lilo. Bayansa Manu mahauci na Sule Tankarkar, amma da tazara, ko makaho ya san wanda ya ci. Zuciyata ta ce Kande ta zauna.

Saura kamar tsawon zaure ya taka tokar, ya ɗago kai muka haɗa ido. Sai na ji ƙarar birki. Ya diro. Ya kwantar da keken, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Yana haki yana cewa, "Baba, barka da rana."

Na ce wuce! Na ce tashi, ɗan nan, hau ka wuce! Ban taɓa ɗaga murya haka ba. Shi kuwa jin tsawata sai ya ƙara sunkuyar da kai, ya ɗauka wani laifin ya yi. Manu ya zo ya wuce ta tsakaninmu ya watsa mana toka.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Jiya har la'asar ana musu. Mutanen Gumel suka ce Barau ne, ladabi ba ya kayar da mutum. Mutanen Manu suka ce a maimaita musu ƙa'idar da na faɗa da bakina. Sajo ya zare hannunsa: "Malam, wuƙa da nama suna hannunka." Kowa ya zuba mini ido. Kalma ɗaya ce, da Kande ta zauna, kuma rabin gari zai ce na yi daidai.

Na ce Manu.

Har yanzu ban ga inda na karkace ba. Wannan ne ya fi cin raina. Zare, ganga, wutsiyar raƙumi, duk na tuna, ban tuna rawanina ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Barau ya zo, ya tsuguna can bakin ƙofa kamar kullum. Wai haƙuri ya zo ba ni, ya kunyata ni gaban jama'a. Na ce ba ka ji ƙa'idar ba ne? Ya ce, "Na ji, Baba. Wallahi tun daga Gagarawa nake gaya wa kaina in wuce. Da na gan ka ban san lokacin da na sauka ba." Na ce ya gaida gida.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na taka har wurin Sajo, ni da ban taɓa roƙon kowa ba, ko yana da wani gurbin. Babu. Ya ba ni goro, na karɓa.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Sun tafi da hantsi, sun bi ayarin Kano. Barau ya sayar wa Hamma tela keken don guzuri. Kande ba ta ce mini kome game da tseren ba, da ma ta yi faɗa. Ta dai nuna mini inda ta ajiye daddawa da kuka, ta ce maƙwabciya za ta riƙa tuƙa mini. Da za su wuce Barau ya sake durƙusawa. Na juya baya, don ban iya gani ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Tuwon maƙwabciya. Ba laifi. A masallaci ana ta yabona, wai alƙali na gaskiya. Su riƙe abinsu.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ba labari daga Jos.

Ɗazu ina komowa daga kasuwa na ji ƙararrawar keke a bayana. Na san muryarta, ta Barau ce. Hamma ne tafe da ɗinkin wani a kansa, da alama sauri yake. Kafin ya gane ni na faɗa zauren Kyauta maƙeri, na tsaya bayan ƙyaure har ya wuce a kan sirdinsa. Kyauta ya ce lafiya, Malam? Na ce rana ce ta yi zafi.