Adireshi Biyu, Akwati Guda

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zafin Legas? Ya Rabi da yara? Mu nan Isa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Saura kaɗan muƙamina na sakatariyar ƙungiyarmu ta makafi ya kuɓuce mini. Wasiƙun da nake turawa ofisoshin Sakkwato duk da tsohon imel ɗin da ka buɗe mini suke fita, mai sunan 'Yar Auta, kuma ba wanda ke amsawa. Shugabanmu Malam Sani ya ce, "Hadiza, ko mu nemo mai ido ya kama miki?" Na ce ya ba ni kwana biyu.

Na zauna da wayata, muryar da ke karanta mini rubutu tana kunnena, ina shafawa layi-layi har na kai wurin ƙara adireshi na biyu da sunan ƙungiya. Lambar tabbatarwa ce ta wahalar da ni, don muryar a guje take karantawa. Da na rage mata sauri, lambar ta shiga. Yanzu kafin in tura saƙo sai ta faɗa mini sunayen biyu in zaɓa, amsa kuma akwati guda take faɗowa.

Jiya aka amsa mana, an gayyace mu horon sana'a. Sau uku Malam Sani ya sa na kunna masa saƙon, sannan ya ce ni ce jagorar tafiyar. Ran Litinin za ni Sakkwato.

Ka sa mu a addu'a, ka san halin hanyar. A gaishe mini da Rabi.

Ƙanwarka,
Hadiza