Hoton da Babu Tsagarka

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Kana da rai ban taɓa tsayawa na jera maka magana ba, yau ga shi ina cika takarda, alhali na san ba za ka karanta ba. Na rasa wanda zan tambaya ne.

Gida lafiya. An gama tsinkar auduga a gonarka, Baffa Sani ne ya tsaya a kai. Akuyar nan mai cin igiya ta haihu. Inna har yanzu tana cika butarka ta ajiye gindin dalbejiya, in ta tuna sai ta ce don kaji ta yi.

A makarantarmu ta Sinnar akwai malamar zane, Ustaza Nafisa, mai zana mutum da fentin ruwa. Da ta ji rasuwarka ta kira ni, ta ce in kawo hotonka bayan hutu ta zana min kai. Ta ce in zaɓi wanda fuska ta fito sosai, wanda kowa ya gani zai ce shi ne.

Baba, hotonka biyu ne kawai.

Na farko shi ne na birnin Madani, wanda ka ɗauka lokacin da kake neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa a nan ƙasar Larabawa. Ya fito fes, har zaren rawaninka ana gani. Amma kumatunka sumul suke, babu tsagar Gobir ko ɗaya. Sai a wannan hutun Inna ta gaya min kai ka roƙi mai hoto ya shafe ta, don ka gaji da a dubi fuskarka a tambaye ka yaushe za ka koma ƙasarku, kai da aka yanke wa cibi a bakin kogin nan.

Na biyu na garin Makwar ne, ranar da kuka gama yashe hanyar ruwa. Kuna da yawa, kanka bai fi ƙwayar gyaɗa ba, rana ta cinye rabin fuskarka. Kana dariya. A kuncin da ya tsira tsagar ta fito, kamar an ja akaifa a kan takarda.

Na kai wa Gwaggo Hajo na farko. Ta juya shi ta sake juyawa, ta ce ita ba ta san wannan Balarabe mai santsin kumatu ba, in an zana shi a nemi danginsa a kai masu, ƙanenta dai Bagobiri ne har kabari. Inna ta ce mutum ya zaɓi fuskarsa da bakinsa, don ya mutu ba za a mayar masa da abin da ya cire ba. Ta tuna mata kai ka hana wanzami ya taɓa kumatunmu. Gwaggo ta ce wannan tsoro ne, ba ƙi ba. Daga nan duk suka juyo kaina, wai ni ce mai karatu, in raba su.

Na so in ce a zana babu tsagar, in ya so a ƙara ta daga baya. Amma mun koya a aji fentin ruwa ba ya karɓar gyara. Tabon tsaga yana ƙyalli, sai an bar masa farar takarda tun farko, a zagaye shi da launi. Kuma takarda mai kauri ɗaya ta rage wa Ustaza.

Ta yaya zan raba su, Baba? Ni ɗiyar fari ce. Ba ka kiran sunana, ni ma ba na ɗaga ido in dube ka. Na san fason duddugenka, na san takalminka da ka ɗinke da waya, na san tarinka daga ƙofar gida. Da ƙafa ake zanawa, da ban nemi hoto ba. Sau ɗaya na san kuncinka, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ka saɓa ni zuwa wurin mai magani, hannuna ya sauka a kan tsagar. Na ji ta kamar kunyoyin auduga. Ba ka ture hannun ba. Ko ba ka ji ba ne?

Wace fuskar ce taka, wadda ka kai wa hukuma ko wadda ka dawo mana da ita gida? In an zana tsagar, na tona abin da ka rufe? In an zana babu ita, wa zan rataye a ɗakin Inna?

Ranar Asabar motar Sinnar za ta tashi. Na naɗe hotunan biyu a gefen mayafina. Ɗazu na kwance na ajiye na Madani, kafin la'asar na mayar da shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. In ka yarda, zan sake rubuto maka idan an gama, in gaya maka wanda na miƙa wa Ustaza, da kuma ko na iya ɗaga ido na dube ka.

Ɗiyarka wadda ba ka kiran sunanta,
Rakiya