Jiƙaƙƙen Yashi a Hawan Rainey

Rainey, 6 ga Oktoba, 1953

Zuwa ga matata, sanyin idona, Ozella,

Bayan gaisuwa wadda ta fi ganyen da kaka ke zubarwa a tsakar gidanmu yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin sauƙi. Yaya tarin? Yaya zazzaɓin yamma? Har yanzu ma'aikatan asibiti suna fito da ke baranda ki shaƙi iskar tsauni kamar yadda likita ya umarta? Ni lafiyata ƙalau, sai kewa, ita kuwa ba a gina mata asibiti ba.

Akwai maganar da na riƙe a baki ranar Lahadi, don kada in ɓata mana sa'o'i biyun da ake ba masu ziyara. Kamfaninmu na jirgin ƙasa zai yi gwaji. Ranar sha tara ga wata za a ɗaura wa kawunan jirgi na dizal guda huɗu taragun kwal ɗari da goma, su hau da su daga Rainey zuwa ƙololuwar tsauni. Washegari a ɗaura wa kan jirgin tururi guda ɗaya tak irin wannan kaya. In dizal ya fi sauri, za a rufe lokon Rainey, wato gidan ajiya da gyaran kawunan jirgi, a kwashe mu direbobi zuwa Bellport, mil ɗari uku daga gadonki. Kin san abin da hakan ke nufi: Lahadin da nake hawowa gare ki kowane mako za ta koma sau ɗaya a wata biyu. In kuwa tururi ya yi nasara, muna nan daram.

Kada gabanki ya faɗi, domin ni aka zaɓa, kuma Dattijuwa aka ba ni, wato kan jirgi mai lamba 2118. Na san kin ji kirarinta daga bakina har kin ƙoshi, amma ki ƙara haƙuri da mijinki. Mahaifina ya sha ba ni labarin ranar da aka kawo irinta ta farko garin nan, a shekarar 1910. Ya ce mutane sun yi dafifi a tasha suna dariya, suna rantsuwa cewa wannan doguwar halitta ba za ta wuce kwanar farko ba sai ta miƙe cikin rafi. Ba su san hikimar da wani injiniya na ƙasar Switzerland ya ƙulla ba: tukunyar tururi ɗaya a bisa, inji biyu a ƙarƙashinta, na baya a kafe, na gaba kuwa an haɗa shi da gaɓa kamar gwiwar mutum. Da suka iso kwana, sai injin gaba ya karkata ya bi dogo, tukunya ta biyo shi cikin natsuwa, dariya ta ɗauke. Tururinta ma ba ta yin almubazzaranci da shi: in ya tura ƙafafun baya, sai ya zarce ta bututu ya sake tura na gaba kafin a sallame shi sama. Dattijuwa jikar waccan ce, ta ninka ta nauyi da ƙarfi, ƙafafun janta goma sha shida. Jiya na yi mata baiti:

Dattijuwa mai gaɓa a ƙugu,
Tsauni ya hango ki ya sunkuya.
Numfashi guda kike sha sau biyu,
Kwana ta tanƙware, kin juya,
Ba a taɓa jin an ce kin tsaya.

Da na karanta wa Burl Sizemore, mai kula mini da wuta shekara goma sha ɗaya, ya ce da baiti yana ci a wuta, da kamfani ya daina sayen kwal tun ranar da ya ɗauke ni aiki. Yana gaishe ki, matarsa kuma ta ce za ta aiko miki da tuffa.

Ki ci abinci, ki bar mini tsaunin.

Mijinki mai begenki,
Lemuel Tackett

Rainey, 19 ga Oktoba, 1953

Ozella, abar alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri. Jiya na ga jini ya fara dawowa kumatunki, na sauko daga asibiti ina tafiya kamar saurayi. Allah Ya ƙara sauƙi.

Dizal ya yi nasa yau da safe: minti hamsin da takwas. Na tsaya a bakin dogo na kalle su, akwatuna huɗu masu gurnani, babu numfashi, babu hannuwan ƙarfe masu kai da kawowa. Ban raina su ba, amma ni da Dattijuwa mun sha hawa da irin wannan kaya a minti hamsin da biyar, ba tare da kowa ya riƙe mana agogo ba.

Da rana na roƙi Mista Purdy, shugaban loko, ya ba ni mutane shida mu yi mata wanka. Ya ce manyan da ke zuwa agogo za su duba, ba fenti ba. Na ce masa mai zuwa gaban alƙali ba ya zuwa da rigar aiki. Ya ɗaga kafaɗa ya ba ni. Muka ja mesar ruwan zafi, muka wanke ta tun daga bututun hayaƙi har ƙafafu, ni da kaina na hau gadon bayanta da mesa na kore toka ta shekara guda. Muka goge ƙararrawa har mutum na ganin haƙoransa a ciki. Burl yana zaune kan bokiti yana cin wake da burodin masara, ya ƙi taɓa ko tsumma. Ya ce shi wuta aka ɗauke shi kulawa, ba kitson amarya ba, kuma in na gama in tambaye ta ko tana son jan-baki.

Da kin gan ta da la'asar, Ozella. Baƙa wuluk, tana sheƙi, har matan unguwar tasha sun fito kallo. Gobe da misalin ƙarfe tara ki saurara daga baranda. In kin ji tsauni na amsa kuwwa, mijinki ne ke tabbatar miki da Lahadinki.

Naki har abada,
Lemuel

Rainey, 21 ga Oktoba, 1953

Zuwa ga Ozella,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki, ina kuma roƙon ki karanta wannan a zaune. Gara ki ji daga alƙalamina kafin ki ji daga bakin masu kawo madara.

Minti saba'in da ɗaya muka yi.

Mun tashi lafiya. Hazo ya kwanta, raɓa ta jiƙa dogo, ganye ya zuba a kansa, amma wannan ba baƙon abu ba ne a watan Oktoba. Wakilin kamfani yana zaune bayana da agogo a tafin hannu. Mil huɗu na farko Dattijuwa ta cinye su kamar tana wasa, har na ga mutumin ya dubi agogonsa ya sake duba.

A kwanar tsohuwar majami'a, inda hawa ya fi tsanani, injin gaba ya fara zamewa. Wannan ce tawayar irinsu tun asali: nauyin tukunya ya fi kwanciya a kan injin baya, don haka na gaba ne ke fara sakin dogo in akwai laima. Maganinsa sananne ne. Akwai rumbun yashi a gadon bayanta, direba ya murɗa hannu, busasshen yashi ya gangaro ta bututu ya zuba gaban ƙafafu, su sami abin kamawa. Na murɗa. Ƙafafu suka ci gaba da juyawa a banza, tana ruri kamar za ta tsage. Na sake murɗawa, na leƙa: ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba.

A nan na tuna da kaina tsaye a bayanta, mesa a hannu, ruwa na kwarara a kan murfin rumbun. Shekara ashirin da bakwai ina aikin jirgi, na san jiƙaƙƙen yashi ba ya gudu a bututu, na sani kamar yadda na san sunana. Son a yaba kyanta ya rufe mini ido.

Burl ya dube ni, ya ɗauki guduma da bokiti, ya ce, "Kyaftin, amaryarka ta yi wanka har cikin hanci. Riƙe ta kada ta tsaya, in ta tsaya mun kwana nan."

Ya fita ta gefen tukunya, mutum mai shekara hamsin da uku. Ya bubbuga bututan, laka kawai suka tofar. Sai ya hau bisa ya buɗe rumbun, ya tona tsakiya inda ruwa bai kai ba, ya cika bokiti, ya gangara can goshinta ya durƙusa yana watsa yashi a kan dogo da hannunsa. Sau biyar yana hawa yana sauka. Ni kuwa ina rage tururi ina ƙarawa, ina lallashinta kamar mai jinya, muna tafiyar da ɗan Adam zai iya bi da ƙafa. Ba ta tsaya ba, Ozella. Da kaya mai nauyin tan dubbai a bayanta, a kan dogo mai santsi kamar sabulu, ba ta tsaya ba. Wannan zan faɗa a gaban kowa.

A ƙololuwa wakilin kamfani ya tambayi dalili. Mista Purdy, wanda ya riga mu hawa a mota, ya yi caraf ya ce ai tsoho Alvah mai gasa yashi ne ya ba mu shi da ɗanyensa, don haka a sake gwajin. Na ga hanya ta buɗe, na kuma ga fuskarki a ƙarshenta. Amma Alvah shekara talatin yana gasa yashi a ɗakin nan na bayan loko, bai taɓa ba direba abin da zai kunyata shi ba, kuma saura masa watanni ya yi ritaya da sunansa mai tsabta. Na ce, "Ranka ya daɗe, yashin a bushe aka ba ni. Ni na jiƙa shi." Mutumin ya rubuta, ya rufe littafinsa. Purdy bai yi mini magana ba har yanzu.

Ban karaya ba, kada ke ma ki karaya. Ina tunani, kuma kin san in na yi shiru ina tunani, akwai abin da ke tafe.

Mijinki,
Lemuel

Rainey, 5 ga Nuwamba, 1953

Ozella, hasken gidana,

Gaisuwa mai ɗumi a wannan sanyi da ya fara sauka. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na yi murna da jin nauyinki ya ƙaru, kuma likita na sa ran shekara guda za ta wadatar.

Hukunci ya fito: za a rufe loko a watan Afrilu. Wakilin ya ce ko da mun yi hamsin da biyar, da wuya ya canja komai, amma ban karɓi wannan ta'aziyya ba. Abin da na yi, na yi. Dattijuwa za ta ƙarasa kwanakinta a wani layin kwal can yamma. Burl zai tafi Bellport. Ni ma an ba ni gurbi can, direban babban jirgi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Kin rubuta cewa in tafi, kada in zubar da shekara ashirin da bakwai saboda mace mai tari. Ban taɓa ƙin maganarki ba sai yau, kuma kin makara, na riga na sa hannu. Dizal ba ya shan ruwa, ba ya cin kwal, amma a hawan Rainey ƙafarsa ma tana zamewa. Duk abin da ke loko za a rufe, ban da ɗakin yashi, kuma mutum ɗaya ake bukata a cikinsa bayan Alvah ya sauka. Na nema, an ba ni. Daga Litinin zan fara zuwa wurinsa bayan aiki ya koya mini yadda ake gasawa da tankaɗewa. Ya ce hannun direba ya yi laushi, amma zai gwada.

Burl ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce kamfani ya yi adalci, ya damƙa yashi ga mutumin da ya fi kowa sanin illar ruwa. Daga nan ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa ya daɗe bai saki ba.

Kada ki ɗauka na sauko da kunya. Duk jirgin da zai hau tsaunin nan daga bazara, a kan aikin hannuna zai hau.

Wanda ya hau tsauni shekaru,
Ya san inda ƙafa ke zamewa.
In ƙwayar yashi ta riƙe jirgi,
Ni ma a nan nake tsayawa.

Ki ajiye faɗan da za ki yi mini har Lahadi. Zan zo da ƙarfe biyu in saurare shi gaba ɗaya, in kuma bai ƙare ba, mu ci gaba Lahadin da ke biye.

Mijinki, wanda ba ya zuwa ko'ina,
Lemuel Tackett