Baba Ya Wanke Mini Bincike

Gwaggo Hermance, ki taimake ni. Na kai matsayin da nake yi wa kaina dariya ni kaɗai a mota, kuma ba dariyar daɗi ba ce.

Aikina gadin bakin teku ne daga baƙin halittun da jirage ke kwasowa daga wasu ƙasashe. Kada ki hango wata jaruma. Farantan roba nake ɗaurewa a igiya, in rataya su ƙarƙashin gadojin katakon da ake ɗaure jirage, in bar su su yi dauɗa tun daga narkewar ƙanƙara har kaka, sannan in duba abin da ya manne. Wadda muka fi tsoro wata aba ce mai yauƙi kamar majina, wadda ke lulluɓe kawa, 'yan halittun ruwan nan masu ɓawo da ake ci, a kejin masu kiwo har su mutu. Digiri biyu na yi don in iya bambance wannan majina da waccan.

Bana kowace tashar jirage ta kamu da majinar nan, ban da ta garinmu, inda mahaifina yake ɗaure jirginsa. Duk zuwan da na yi, farantan fes. Mai hankali da ta tambayi kanta me ya sa ko gansakuka babu. Ni kuwa sai na ƙirƙiro dalili: wai ruwan kogin da ke shigowa tashar ne yake korar baƙin. Na tsaya gaban abokan aiki da hotuna masu launi, na yi bayani, aka tafa mini. Har sabon takalmi na saya don ranar.

Makon jiya na je kai wa Baba maganin gwiwa ban sanar da shi ba. Na same shi durƙushe a kan gada, farantina a cinyarsa, yana dirza da buroshi yana fito. Ko kunya bai ji ba. Ya ce wai ragwayen sauran tashoshi sun bar kayan 'yarsa sun ruɓe, amma a nan, muddin yana numfashi, ba mai cewa igiyar Likitar Majina, sunan da yake kirana da shi ke nan, ta yi ƙazanta. Ashe tun farkon bazara yake yi, duk mako, da waɗannan gwiwoyin. Kin san mutanenmu: a wurinsu igiya mai dauɗa zagi ce ga mai ita.

Ni kuma na ce, na gode Baba. Muka shiga gida na sha romon kifi kwano biyu.

Ki fahimce ni. Tun rasuwar Mama, hirarmu da shi ba ta wuce iska da farashin mai. Bai taɓa cewa yana alfahari da ni ba, da buroshi ya faɗa. Ta yaya zan ce masa abin kirki ɗaya da ya yi mini shi ne ya rusa aikin shekara?

Ga inda abin ya daina ban dariya. Réjeanne, wadda muka yi firamare tare, kejin kawanta sun yi bazara a tasharmu. Kafin ruwa ya daskare za ta kwashe su zuwa wata gaɓa da baƙuwar ba ta taɓa shiga ba, inda gidaje da dama ke kiwo, don na ce mata tasharmu lafiya lau. Na san in na kwanta a gada na zura hannu ƙarƙashin katako zan san gaskiya. Ban zura ba. Na dai gyara ɗakin girkina sau biyu.

In yi shiru in yi fatan kogin nan da gaske yake? Ko in tona, in kunyata tsoho a gaban abokansa?

Taki,
Mai Faranti Fes

*

'Yata Mai Faranti,

Na yi dariya, sannan na daina a daidai inda kika daina.

Ki kira Réjeanne yau, kafin ki gama shayinki. Ki ce mata kada ta taɓa kejin nan sai an sake dubawa. Sannan ki je ki zura hannun. Wataƙila tashar lafiya take, amma a yanzu ba ki sani ba, kuma abincin gidajen mutane ba abin caca ba ne.

Shugabarki ta wurin aiki ma ki gaya mata: an riƙa wanke farantan, sakamakon ya ɓaci, bayanin kogi ya faɗi. Ba sai kin kai sunan mahaifinki teburin taro ba, amma in ta tambaya kada ki yi ƙarya. Ki kuma tambayi kanki tsakani da Allah: nawa ne tausayin Baba a cikin shirun nan, nawa ne tausayin tafin da aka yi miki? Ina zargin sun raba daidai, kuma wannan ba abin kisa ba ne.

Shi kuwa, laifinsa kaɗan ne. Kin rataya kaya a ƙofar mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da dauɗar ruwa, ba ki taɓa zama kin gaya masa cewa dauɗar kike nema ba. Kin ce hirarku ba ta wuce iska. Hira kuwa mutum biyu ke yin ta.

Ki faɗa masa da bakinki, a gida, kafin tsofaffin gada su riga ki, don su da tsokana za su faɗa. Ki fara da abin da kika gani: uba a durƙushe saboda 'yarsa. Sannan ki faɗi sauran ba kwana-kwana. Zai ji zafi. Wataƙila ya tashi ya kama gyaran abin da bai lalace ba. Kada ki ce masa ba komai, don ba yaro ba ne, kuma kada ki ɗauki makullin mota. Ki zauna a kujerar nan har ya gama fushinsa ya juyo ya tarar ba ki tafi ba.

Allah ya tsare kawan Réjeanne, ya ba gwiwoyin Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin hali.

Gwaggo Hermance