A Daina Ce Wa Marayu Uwarsu Ta Yi Tafiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Marayu da Yara Masu Rauni na yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran abokan aikinka. Allah Ya sa haka, amin.

Shekaruna saba'in da takwas. Ni kaɗai nake zaune a gidana a Kudan tun rasuwar maigidana. Ni nake girkina, ni nake sharata, kuma da hannuna na rubuta wannan takarda. Na faɗi haka ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce Allah sarki tsohuwa. Ba tausayi na zo nema ba, wanda ke da shi ya adana wa yara. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kai kanka ka zauna a gabana a aji uku, ka kuwa san ba na maimaita magana sai in an ƙi ji. Sau biyu na rubuto maka a asirce, ban sami amsa ba. Shi ya sa wannan ta fito fili.

Na ɗaya. Ina da shekara shida mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa a Gazara. Aka kwashe mu ni da ƙanwata Ladi zuwa gidan maƙwabta, aka fere mana rake muka wuni muna sha. Da muka dawo aka ce Inna ta yi tafiya Zariya, za ta kawo mana tsaraba. Bayan sadakar arba'in gwaggo ta ɗauke ni zuwa Kudan, aka kai Ladi wurin kawu a Ikara. Daga nan, kowace ranar kasuwar Maƙarfi sai in je bakin hanya in tsaya, ina duba fuskar duk macen da ta sauko daga babbar mota. Shekara biyu ina wannan tsayuwa. Wata yarinya ce ta gaya mini gaskiya a bakin rijiya, cikin faɗa, ta gaya mini ne a matsayin zagi.

Ban yi kuka ba. Magana na daina, kusan damina guda. Wasu suka ce taurin kai ne, wasu suka ce iska ce, aka yi mini hayaƙi, aka ba ni rubutu na sha. Babu wanda ya tambaye ni abin da na ji. Da aka zo neman yaran da za a kai makarantar boko, ni aka miƙa, domin babu mai kewata. Na ci moriyar hakan, ban musa ba. Amma har yau in mutum ya ce mini zai je ya dawo, zuciyata ba ta karɓa. 'Ya'yana suna Kaduna, in sun zo za su koma ba na iya raka su ƙofar gida, suna ganin izza ce. Ladi kuwa sai bayan na yi aure muka sake haɗuwa. Muka gaisa kamar baƙi, har ta koma ga Allah ba mu taɓa ambaton Inna a tsakaninmu ba. Gwaggo ba muguwa ba ce, kawu ma haka. Tausayi ne ya sa suka yi mana ƙarya.

Na biyu. Akwai wata yarinya a unguwarmu, zan kira ta Laraba, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Uwarta ta rasu a ƙauyen Taba daminar bara, kakarta ta ɗauko ta daga gidan mahaifinta. An gaya mata uwar tana asibiti a Kano. Dakalin ƙofar gidana yana fuskantar titi. Kullum in an tashi daga makaranta nan take zuwa ta zauna, mota ko babur ya tsaya sai ta miƙe, in ya wuce ta koma ta zauna. Ranar farko da na gan ta na san aikin da take yi. A makaranta an sha yi mata bulala saboda makara da ƙin amsa tambaya. Malamarta ta ce ba ta da kai, har an fara shawarar a cire ta a zaunar da ita a gida.

Na uku, kuma nan ne ƙarata take. Kun sa ni cikin kwamitinku a matsayin uwa, na karɓa da kyakkyawar niyya. A taron da kuka yi bayan girbi, kun jera yara a rana, kun ba kowa jakar makaranta da takalmi, an ɗauki hotuna. A bayansu an ɗaura ƙyalle mai manyan baƙaƙe, an rubuta tallafi ga marayu. Laraba tana cikin layin, kakarta ta ce mata kyautar ƙoƙari ce. Yarinyar ba ta iya karatu ba tukuna. Ta matso kusa da ni ta tambaye ni abin da aka rubuta. Ni, da na ƙarar da rayuwata ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, na ce mata idona ba ya gani. Na koma gida na kasa cin abinci.

A zaman da ya biyo baya na kawo maganar. Aka ce harkar cikin gida ce, al'ada ce, ba hurumin kwamiti ba ce. Kai da bakinka, ranka ya daɗe, ka ce yara suna mantawa. Na bar maganar a ranar, domin ba na kunyata ɗalibina a gaban jama'a. Yanzu ga amsata: shekara saba'in da biyu ke nan, har yau na san launin zanen da Inna ta ɗaura ranar da na yi mata ganin ƙarshe.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwan nan, kuma babu wanda ke jiran izini daga sama. A zauna da limamai da masu unguwa da ungozomomi, a yarda cewa yaron da ya rasa uwa ko uba za a gaya masa gaskiya da taushin harshe, daga bakin wanda ya amince da shi, a bar shi ya yi kuka, a amsa tambayoyinsa. In dole ta sa a raba 'yan'uwa wajen riƙo, a riƙa kai su suna ganin juna. A riƙa sanar da malaman boko da na Islamiyya in rasuwa ko saki ko wani tashin hankali ya faɗa gidan yaro, don su tambaya kafin su ɗaga bulala. A daina jera marayu a ƙarƙashin ƙyalle. Mai kyauta ya kai gida. A kuma nemi dattijuwa ɗaya a kowace unguwa wadda ƙofarta za ta zama buɗe ga irin waɗannan yara.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raya maka zuriya, Ya sa kada ɗayansu ya san wannan tsayuwa ta bakin hanya.

Ni dai ban jira ku ba. Juma'ar da ta wuce bayan La'asar na kira kakar Laraba da mahaifin yarinyar, na ba su labarina, labarin da ko maigidana ban taɓa ba shi ba. Uban da kansa ya gaya wa Laraba uwarta ta rasu, a kan tabarma a tsakar gidana. Ta tambaya ko don ba ta jin magana ne, ya ce a'a. Ta tambaya wa zai riƙa yi mata kitso, na ce ni. Ta yi kuka har aka kira Magariba, sannan na koya mata addu'ar da za ta riƙa yi wa uwarta. Na je makaranta na ga shugaba, ba za a cire ta ba. Zauren maigidana da ke kulle tun rasuwarsa na buɗe shi, na share, na shimfiɗa tabarmi domin yara da matan da ke riƙonsu, kowace Alhamis. Takardar da kuka naɗa ni da ita kuma tana ofishinka, na mayar, na bar kwamiti.

Laraba tana zuwa har yanzu, amma ciki take wucewa. Dakalin ni kaɗai nake zama a kansa.

Wassalam.

Malamarka ta aji uku,
Kudan.